ALLURAR AKWATIN REDIYO: GYARANTA DA DAIDAITA TA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni da in yi magana a kan wani fanni na sana'ar hannu da zai amfani ɗalibai. Na zaɓi in yi magana a kan allurar akwatin rediyo, watau 'yar sandar nan da ke tafiya a bayan gilashi in an murɗa ana neman tasha. Na san wasu za su ce a zuci, a wannan zamani na wayar hannu wa ke ta tsohuwar rediyo? Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, in Allah ya so kafin in zauna za ku ga dalili.

DALILIN WANNAN MAGANA

Ba wanda ke cikin wannan zaure da ya manta watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Da farko an ce mako biyu ne, amma a ƙananan hukumomi da yawa abin ya ɗauki makonni masu yawa. Waya ta zama fitila kurum. A wannan lokaci duk gidan da ke da akwatin rediyo mai rai shi ya zama majalisar unguwa. Mutane da yawa sun zaro tsofaffin akwatunansu daga ƙarƙashin gado, suka sa batir, sai suka tarar allura ta maƙale, ko igiyarta ta tsinke, ko kuwa tana tafiya amma abin da take nunawa daban, tashar da ake ji daban. Akwatin lafiyarsa ƙalau ta wajen sauti, abin da ya hana shi aiki ɗan kirtani ne da tsawonsa bai kai kamu biyu ba.

Mu Hausawa mun daɗe da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye ranar 13 ga Maris 1957. Gidan Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Iyayenmu manoma da ke aiki a filayen ban-ruwa na madatsar Bakolori, wadda aka kammala gina ta a 1978, da akwati a rataye suke tafiya gona. Sun haddace mita 16 da 19 da 25 da 31 da 41 da 49 kamar yadda suka haddace iyakar gonakinsu. Yawancin waɗannan akwatuna suna nan a gidajenmu, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

MASU REDIYON SHA'AWA

Akwai wasu mutane a duniya da allura ta fi damunsu fiye da mu masu saurare. Su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda ke da lasisin hukuma na aika magana ta iska zuwa ga 'yan uwansu a wasu ƙasashe, ba don kuɗi ba. Tarihinsu ya kusa kai na rediyo kanta. Marconi ya tsallakar da sigina daga Ingila zuwa gaɓar Kanada a watan Disamba na 1901 da manyan injuna masu tsada. A watan Nuwamba na 1923 kuwa, wani mai sha'awa a birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da takwarorinsa na Amurka a kan gajeren zango, wanda manyan kamfanoni suka raina a lokacin. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Faris a 1925. Kowace ƙasa tana da alamar kiranta: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabciyarmu Nijar da 5U. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, alamarsa JY1.

An keɓe wa waɗannan mutane gurabe a gajeren zango. A yankinmu na Afirka da Turai suna da daga kilohaz 7000 zuwa 7200, da daga 14000 zuwa 14350, da daga 21000 zuwa 21450, da wasunsu. A gefen waɗannan gurabe akwai na jiragen sama da na ruwa da na gidajen rediyo da na hukumomi. Saboda haka mai saurare in allurarsa ta yi ƙarya labarai kawai zai rasa, amma mai aika magana in tasa ta yi ƙarya ya shiga gonar wani ke nan, ya kuma karya doka. Wannan ya sa su ne suka fi kowa ƙwarewa a daidaita allura, kuma dabarunsu ne zan kawo muku. Injunan da suka yi tashe a hannunsu, irin su Yaesu FT-101 da Kenwood TS-520 na shekarun 1970, da akwatunan saurare irin na Eddystone ta Ingila, har yau ana gyara su ana aiki da su.

Ina jan kunnen ɗalibai tun yanzu. Aika magana ta rediyo ba tare da lasisi ba laifi ne, balle a yanki irin namu da halin tsaro yake yadda kuka sani. Duk abin da zan faɗa a yau na gyara ne da saurare.

MENE NE ALLURA TAKE NUNAWA?

Kowace tasha tana da adadin kaɗawar siginarta a daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa 1000 a daƙiƙa shi ne kilohaz ɗaya, kilohaz 1000 kuma megahaz ɗaya. Mita da iyayenmu suka saba da ita tsawon zangon ne, kuma lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da adadin megahaz. Alal misali, Rediyon Kaduna ta shahara a shekarun baya a kan kilohaz 6090, watau megahaz 6.09. In aka raba 300 da 6.09 za a sami 49 da 'yan kai, shi ya sa ake cewa mita 49. A matsakaicin zango kuma an san ta a kan kilohaz 594, kimanin mita 505. Ku lura, in megahaz ya hau mita sauka take yi.

A cikin akwati akwai wani abu da ake kira kwandansa mai ganyaye. Faranta ne sirara na ƙarfe, jeri biyu, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa yana shiga tsakanin ɗan uwansa ba tare da sun taɓa juna ba. In ganyayen sun shige cikin juna gaba ɗaya, akwati yana kan mafi ƙarancin kilohaz. In sun buɗe yana kan mafi yawa. A ƙananan akwatuna na tiransisto wannan kwandansa yana cikin ɗan akwatin roba mai kusurwa huɗu, amma aikin ɗaya ne. A jikin sandarsa akwai faifai. Igiya tana tasowa daga faifan, ta bi ta kan 'yan ƙananan tayoyi, ta naɗe sandar mamurɗi, ta ɗauki allura a hanya, ta komo faifan inda ɗan sifirin yake jan ta don kada ta saki. Allura dai 'yar rakiya ce. Ba ta san tasha ba, inda igiya ta kai ta nan take tsayawa.

Akwai abu na biyu da ya kamata a sani. Kusan duk akwatunan da muke da su an gina su bisa tsarin da Ba'amurke Edwin Armstrong ya ƙirƙiro a 1918. A wannan tsari akwati da kansa yana haifar da wata ƙaramar sigina a cikinsa, ya gauraya ta da ta tasha, ya fitar da bambancin da ke tsakaninsu, wanda a yawancin akwatuna kilohaz 455 ne, a wasu na Turai 465 ko 470. Wannan sigina ta cikin gida ita ce ke yanke hukuncin tashar da za a ji. In ta kauce, allura za ta yi ƙarya ko da igiya sabuwa ce.

GANO CUTA KAFIN MAGANI

Daga wannan bayani za ku ga cutar allura iri biyu ce, ta igiya da ta lantarki, kuma babban kuskuren masu koyo shi ne su yi wa ɗaya maganin ɗaya. Ga yadda ake rarrabewa. A kama tashoshi uku da aka san lambarsu, ɗaya a farkon gilashi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. In duka ukun sun kauce zuwa gefe ɗaya da nisa iri ɗaya, kuma haka abin yake a kowane zango, to allura ce ta zame a kan igiya. Wannan gyaran minti biyar ne. In kuwa farko daidai ne amma ƙarshe ya kauce, ko akasin haka, cutar ta lantarki ce. In zango ɗaya ne kaɗai ke ƙarya sauran suna gaskiya, a fara duba makunnin canza zango, domin ƙurar hunturu da tsatsa sukan hana shi haɗuwa sosai. In ana murɗawa allura ba ta motsi, ko tana tafiya tana tsayawa, igiya ta saki ko mai ya taɓa ta. In kuma ana jin ƙarar ƙarce-ƙarce a wuri ɗaya duk lokacin da aka wuce, ganyayen kwandansa ne ke gogar juna, ko datti ya shiga tsakaninsu.

Kafin a buɗe kowane akwati a cire shi daga wuta, a cire batir. Tsofaffin injuna masu bawul, watau waɗannan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, a injunan aika magana har 600 zuwa 800, kuma wutar takan zauna a cikin manyan kwandansa bayan an kashe. Irin wannan wuta tana kisa. Ɗalibi ya fara koyo da ƙaramin akwati mai batir, mai bawul kuwa sai a gaban malami.

SAKE IGIYA

Doka ta farko ita ce kada a cire tsohuwar igiya sai an zana hanyarta a takarda, ko an ɗauki hotonta da waya ta ɓangarori biyu ko uku. A rubuta sau nawa ta naɗe sandar mamurɗi, kuma ta wane gefe. Yawanci naɗi biyu ne zuwa uku. Wanda ya naɗa ta baibai zai ga yana murɗawa dama allura tana tafiya hagu.

Ba kowane zare ne ke yi ba. Zaren tela yana miƙewa ya tsinke. Igiyar roba mai santsi ta ƙugiya zamewa take yi. Abin da ake so shi ne siririn kirtani kitsattse wanda ba ya miƙewa, kaurinsa daidai da na tsohon. In ba a sami na ainihi wurin masu sayar da kayan gyara ba, kitsattsen kirtanin masunta yana yi. A auna shi da tsohon, a bar rara.

A rufe ganyayen kwandansa gaba ɗaya kafin a fara, don kada hannu ya lanƙwasa su, kuma don a sami mafari tabbatacce. A ɗaura bakin kirtani a faifai, a bi zanen da aka yi, a riƙa manne shi da ɗan salatif a kan kowace taya don kada ya zille, a ƙarasa a kan sifirin. Sifirin ya ɗan buɗe kaɗan in an gama. In bai buɗe ba igiya ta yi sako-sako, in ya buɗe ƙwarai za ta ci tayoyin. A ɗiga ɗigon jan farce a kan ƙulli don kada ya warware. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya ya isa ga gindin kowace taya, amma kada ko kaɗan ya taɓa igiya ko wurin da take naɗe sanda.

Sannan a zo ga allura. Ganyaye suna rufe, a duba ƙarshen gilashi ta wajen ƙananan lambobi. Galibi akwai ɗan layi ko ɗigo da masana'anta suka sa, ko kuwa sifirin ma'aunin da ke ƙasa. A zame allura a kan igiya har ta hau wannan alama, a murɗa zuwa ɗaya ƙarshen a tabbatar ta kai ba ta bugi komai ba, sannan a matse ta. Akwatuna da yawa a nan gyaransu yake ƙarewa.

Gargaɗi biyu. Lambobin gilashi a bayansa aka buga su, kuma in sun tsufa ruwa ma yana ɗauke su, balle fetur ko kananzir. A goge gaba kawai, baya kuwa a kaɗe shi da gashin kaza. Na biyu, in an ga ganyen kwandansa na gefe yana da tsage-tsage kuma an ɗan lanƙwasa shi, kada a ce za a miƙe shi. Da gangan aka yi haka a masana'anta don lambobi su dace. Gidan zanzaro da ƙwan kyankyaso da ƙura su ne abin cirewa, da burushi mai laushi da iska.

MA'AUNIN GASKIYA

Ba a gyara mudu sai da mudun da aka yarda da shi. Haka ma allura. Ma'auni na farko shi ne tashoshi sanannu. A matsakaicin zango, tashoshin Afirka da Turai suna zaune a kan lambobin da 9 ke rabawa, bisa yarjejeniyar Janiba ta 1975 wadda ta fara aiki a 1978. Ku gwada 594, za ku ga 9 sau 66 ne. A gajeren zango kuwa a yi hattara, domin manyan tashoshin waje suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wasu ma sukan daina gaba ɗaya, kamar yadda Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025. Alamar da kaka ya yi da biro a kan gilashi ba hujja ba ce a yau.

Ma'auni na biyu shi ne tashoshin agogo, waɗanda aikinsu kawai su ba da lokaci da lamba marar kuskure. Akwai WWV a Jihar Kolorado ta Amurka, a kan megahaz 2.5 da 5 da 10 da 15 da 20, tana ƙyasta daƙiƙa tana faɗin lokaci kowane minti. Akwai RWM ta Rasha a kan kilohaz 4996 da 9996 da 14996. Ba kullum ake kama su ba, sai da doguwar eriya da haƙuri. Ƙa'idar gajeren zango ita ce manyan megahaz sun fi tafiya da rana, ƙanana da dare.

Ma'auni na uku ya fi sauƙi, shi ne sabon akwati mai nuna lamba a allo. Ana iya kama tasha ɗaya da akwatunan biyu a kwatanta. Akwai ma dabarar da ba ta buƙatar tasha. Kun tuna na ce akwati yana haifar da siginarsa, wadda ta ɗara abin da allura ke nunawa da 455. Wannan sigina tana ɗan yoyo waje. A sa sabon akwati a kan 1053, a jingina shi da tsohon, a murɗa tsohon a hankali. Wurin da shuuu ɗin sabon ya yi tsit, tsohon yana kan 1053 a ɗebe 455, watau 598. In allura tana dab da 600 gaskiya take faɗa.

DAIDAITAWA TA LANTARKI

In an tabbatar cutar ta lantarki ce, a kunna akwati a bar shi ya yi ɗumi, mai bawul kamar rabin sa'a, domin zafi yana motsa lamba. Abubuwa biyu ake taɓawa a kowane zango. Akwai naɗin waya mai ɗan dunƙulen baƙin abu a tsakiya da ake murɗawa, shi ke mulkin ƙananan lambobi. Akwai kuma ɗan ƙaramin kwandansa mai kan sukuru, shi ke mulkin manyan lambobi. A matsakaicin zango, a sa allura wajen 600 a gyara da naɗin waya, a koma wajen 1400 a gyara da ɗan kwandansa. Gyaran ɗaya yana ɗan taɓa ɗaya, saboda haka a yi ta kai da komo sau uku ko huɗu har duka biyun su tsaya. Bayan haka ne ake daidaita ɓangaren eriya don sauti ya yi ƙarfi.

Kada a yi amfani da sukundireban ƙarfe. Ƙarfe yana canza lamba muddin yana kusa, in an ɗaga hannu gyara ya rushe, kuma baƙin dunƙulen nan yana fashewa kamar gawayi. A fiƙe tsinken roba ko na gora. A yi alama da fensir inda kowane sukuru yake kafin a taɓa, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan. Sukurun da ba a san aikinsa ba a bar shi. Akwatuna da yawa da ake kai wa masu gyara a kasuwa ba tsufa ya kashe su ba, wani ne ya ga sukurori a sake ya ɗaure su duka yana ganin taimako ya yi.

A gajeren zango akwai tarko. Tasha mai ƙarfi takan fito a wuri biyu, tsakaninsu kilohaz 910, watau 455 sau biyu. Ɗaya ta gaskiya ce, ɗaya inuwa. A yawancin akwatuna inuwar tana ƙasa: tashar da ke megahaz 10 za ta sake fitowa a raunane a 9.09. Wanda ya daidaita allurarsa a kan inuwa ya ɓata zangon gaba ɗaya.

Injunan masu rediyon sha'awa suna da ƙarin gata. Da yawansu suna da ɗan ƙaramin dutse na kiristal a ciki mai kaɗawa a kilohaz 100, wanda in an kunna shi yake sa fito a kowane 100 na gilashi. Ana murɗawa ana jin fiton yana yin ƙasa, yana kauri, har ya ɓace. Wurin da ya ɓace nan ne daidai. Sai a riƙe mamurɗi da hannu ɗaya, a juya zoben lambobin da ke gindinsa da ɗaya hannun har sifiri ya hau layi. Shi kansa dutsen ana auna shi da tashar agogo, domin 100 sau 100 shi ne megahaz 10. Ku lura da wannan lissafi, ɗalibai: kuskuren kaɗawa 10 a dutse ya zama 1000 a megahaz 10, watau kilohaz ɗaya cur. Muryar mutum a irin waɗannan injuna tana cin faɗin kusan kilohaz 3, shi ya sa mai hankali a zangon mita 20 ba ya wuce 14347 ko da yake iyaka 14350 ce.

Daɗin daɗawa, a riƙa duban allura ido da ido, domin daga gefe takan nuna wata lamba. A riƙa isa tasha ta gefe ɗaya kullum, saboda igiya da haƙoran giya suna da ɗan wasa. In akwati ya ƙi daidaituwa sarai, ba a yar da shi. A ja layi biyu a takarda, a rubuta abin da allura ke nunawa a hagu, lambar gaskiya a dama, a manna a bayan akwati. Ma'aunin da aka san yawan kuskurensa ana aiki da shi.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaba, ina da roƙo uku. Na farko, kowane tsohon ɗalibi ya duba gidansu, in akwai mataccen akwati ya kawo wa makaranta. Na biyu, ƙungiya ta sayi kayan aiki kaɗan: mitar gwajin wuta, ƙarfen narka dalma da dalmarsa, ƙananan filaya, kirtani, da akwati ɗaya mai nuna lamba, a damƙa su ga malamin kimiyya don a kafa kulob ɗin rediyo. Na uku, shugabanninmu su nemi haɗin kan malaman fasaha na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da masu gyaran rediyo na kasuwanninmu, su riƙa zuwa ko sau ɗaya a zangon karatu. Waɗannan dattawa masu gyara suna ƙarewa, yaransu duk sun koma gyaran waya, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Ranar 13 ga Fabrairu ita ce Ranar Rediyo ta Duniya. Zai yi kyau ɗalibai su riƙa baje akwatunan da suka tayar a wannan rana, sannan a mayar wa masu su ko a ba tsofaffin da ba su da shi.

Ku kuma ƙannena, darasin mita da kaɗawa da kuke haddacewa don jarrabawa, ga shi nan a cikin akwati kuna iya taɓa shi da hannu. Yaron da ya iya zana hanyar igiya kafin ya kwance, ya rarrabe cuta kafin ya taɓa sukuru, ya auna aikinsa da ma'aunin da ba nasa ba, ya sami tarbiyyar da injiniya da likita da ma'aikacin awo suke rayuwa a kanta. Mata ma ba a bar ku a baya ba, wannan aiki na natsuwa ne da lafiyar ido, ba na ƙarfi ba.

 Allah ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba Jihar Zamfara da ƙasarmu zaman lafiya, ya albarkaci wannan makaranta da ɗalibanta, ya mai da kowa gidansa lafiya.